Salon Scully ko salon Sterling, wanne ya fi daɗin ji a rediyo?

Ni dai in ana maganar masu sharhin besbol a rediyon Amurka mutum biyu nake auna kowa da su, Vin Scully na ƙungiyar Dodgers da John Sterling na ƙungiyar Yankees. Scully ya riƙe makirfo daga 1950 har 2016, galibi shi kaɗai, ba ihu ba hayaniya, labarin ɗan wasa zai ɗauko maka yana saƙa shi tsakanin jifa da jifa amma ko sau ɗaya lissafin jifan ba ya kufce masa. Ka nemi wasan Sandy Koufax, mai jifa na Dodgers, na 1965 da ba wani abokin hamayya da ya taka bes (matsayar da mai bugu ke rugawa bayan ya buga ƙwallo) ko ɗaya, har ƙarfe nawa agogo ya nuna Scully yake faɗa maka, kai kace kana zaune a filin. In abu ya kai maƙura kuma sai yayi shiru ya bar ka da sowar jama'a.

Sterling kuwa, da ya yi daga 1989 har 2024, ɗan gida ne tsantsa, Yankees kawai yake goyon baya, kowane ɗan Yankees da irin kirarinsa in ya maka ƙwallo ta tsallake shingen fili, akwai daɗi wallahi, sai dai wani lokacin ya gama shelar ta fita ashe an cafke, kai kuma da ba ka gani shi ne idonka. Shi yasa na fi son Scully.

Abinda ke damuna yanzu agogon jifa da aka kawo a 2023, dole mai jifa ya jefa cikin daƙiƙa 15 in ba kowa a bes, ina sararin labari? Ga ƙungiyar Blue Jays ma a 2021 sautin talabijin kawai suka juye ma masu rediyo, mai tuƙi a mota ya ji da kansa kenan.