Masu ba da shawarar ƙin aikin soja a Jamus: tauraro huɗu na ba su, ga dalilina

Da suna ɗaga waya a kan lokaci wallahi da biyar ɗin zan cika musu. Wannan bayani na ƴan uwa iyaye ne da ke nan Jamus waɗanda ƴaƴansu ke da fasfon ƙasar, musamman masu samarin da aka haifa daga 2008 zuwa sama, don tunda 2026 ta kama wasiƙar sojoji ta fara shigowa gidaje kuma na lura duk mun ruɗe, wani ya ce a yaga ta, wani ya ce a tura yaro Kano wajen kakarsa har ƙura ta lafa, wani kuma ya rantse gobe za a kwashe su a kai bakin iyakar Rasha. Duk ba haka ba ne.

Ni a ƙofar bariki na san da mutanen nan, a watan Yunin 2025, ranar bikin da sojojin Jamus ke yi duk shekara da suke ce wa Tag der Bundeswehr. Tun 2015 suka fara shi lokacin da rundunar ta cika shekara 60, a buɗe barikoki a garuruwa daban-daban kowa ya shiga kyauta. Kuma gaskiya sun iya tsara abu, kamar baje kolin kasuwa haka, ga tankokin yaƙi yara na hawa ana musu hoto, ga jirgi mai saukar ungulu, ga karnuka na nuna bajinta, ga masu badujala, ga miyar wake da suke dafawa a katuwar tukunyar sansani (ku tambaya kafin ku ci, yawanci da alade a ciki), sannan can tsakiya ga rumfar ɗaukar aiki da samari masu fara'a suna raba biro da takardu. Yarona babba ya daɗe a rumfar nan har sai da ƙaninsa ya je ya janyo shi.

A waje kuma ƴan zanga-zanga ne, ba su da yawa, galibi tsofaffi masu furfura sai ƴan ɗalibai, wasu sun kwanta a ƙasa sun lulluɓa da farin ƙyalle an yayyafa jan fenti, allunansu na cewa a daina tallata mutuwa, kar a ɗauki ɗan ƙasa da 18. Da farko dariya suka ba ni. Mu da muka taso muna ganin samari na neman hanya da ƙafa don dai sunansu ya fito a tafi Depot Zariya, a ce wai ga ƙasar da soja ke lallashin yaro da kyautar biro wasu kuma na kwance a titi suna cewa kar ya je. Amma wata dattijuwa ta miƙo min takarda muka ɗan tsaya, ita ta fara gaya min rundunar tana ɗaukar ƴan shekara 17 in iyaye sun sa hannu, a 2024 kaɗai sun haura 2,000, kuma kwamitin kare haƙƙin yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sha ce wa Jamus ta mayar da abin 18. Ta kuma ba ni labarin 2016 da aka ɗauki hotunan ƙananan yara riƙe da bindigogi a irin wannan biki a Stetten am kalten Markt, surutu ya yi yawa har ministar tsaro ta lokacin Ursula von der Leyen ta hana a riƙa ba baƙi bindiga su taɓa. A bayan takardar akwai lambar waya da ranar da suke zama ba da shawara, na cusa a aljihu na manta da ita, sai da majalisar Bundestag ta amince da sabuwar dokar aikin soja ranar 5 ga Disamba 2025, ranar da ƴan makaranta suka bar aji suka fito titi a garuruwa da dama, sannan na shiga neman inda na jefa ta.

Ƙaramar ƙungiya ce ta garinmu, ƴan sa kai ne, ɗaki guda suka ara a bayan wani coci. Ba su kaɗai ke wannan aikin ba, akwai ƙungiyar masu adawa da yaƙi ta DFG-VK wadda asalinta tun 1892 ne kuma ita ce kan gaba a yawancin zanga-zangar nan, cocin Furotesta ma na da masu ba da irin wannan shawara, don haka ko ina kake za ka samu na kusa da kai. Ba a biyan ko sisi, akwai dai gwangwanin taimako a kan tebur ba wanda ya nuna mana shi.

Abin da ya fara burge ni, dattijon da ya karɓe mu bai fara da wa'azin zaman lafiya ba, doka ya buɗe. Ya ce aikin sojan dole tun 2011 aka jingine shi, jinginewa aka yi ba sokewa ba, kuma har yanzu shiga da son rai ne. Wasiƙar da ke zuwa takardar tambayoyi ce, namiji dole ya cike, mace in ta ga dama, wanda ya share za a iya cin sa tara, saboda haka masu cewa a yaga ku daina ba mutane wannan shawarar. Cikewa kuma ba shiga soja ba ne, akwai wurin da yaro zai nuna ba ya sha'awa sam. Gwajin lafiya shi ma zai zama dole ga mazan da aka haifa daga 2008. In an rasa isassun masu shiga da kansu majalisa na iya dawo da na dole amma sai ta sake zama ta yi wata doka. Yaron da ba shi da fasfon Jamus abin bai shafe shi ba, wanda ke da biyu kuwa, na Najeriya ko Nijar ko Gana haɗe da na Jamus, su a wajensu Bajamushe ne kawai, wannan ya kamata waɗanda suka yi rububin karɓar takardar ƙasa bayan an halatta fasfo biyu a 2024 su sani.

Sai ya juya wajen yaron ya ce da shi zai yi magana, ni in ɗan saurara. Raina ya ɗan sosu ba zan ɓoye ba, a gabana a ce in yi shiru a kan maganar ɗana, amma da bayani ya yi nisa na gane dalili. Sashe na 4 sakin layi na 3 na tsarin mulkin Jamus ya ce ba a tilasta wa kowa ɗaukar makami in zuciyarsa ba ta yarda ba, to zuciyar yaron ake nufi ba ta ubansa ba. Takardu uku ake haɗawa, wasiƙar nema da ta ambaci wannan sashe, tarihin rayuwa a taƙaice, sai bayani mai tsawo da yaro zai rubuta da kansa kan yadda aka yi ya kai ga wannan matsaya, ta hannun sojoji ake miƙawa amma wani ofishin farar hula na tarayya da ke Kolon ne ke yanke hukunci, kuma tun yaro na da 17 da rabi zai iya nema. Ya ce su ba sa rubuta wa kowa, kuma kar a kuskura a kwafo daga intanet ko a sa na'ura ta rubuta don masu karantawa sun ga irinsu har sun gaji, abin da za su yi shi ne yaro ya rubuta ya kawo su karanta su yi masa tambayoyi.

Inda abin ya fi shafar mu musulmi kuwa nan ne, kuma a nan na tabbatar mutanen nan ba sa yaudara. Yarona ya ce shi abin da ba zai iya ba shi ne a tura shi ƙasar musulmi ya harbi ɗan uwansa, ya kawo misalin Afganistan inda sojojin Jamus suka shekara kusan 20 har 59 daga cikinsu suka mutu, da harin Kunduz na 2009 da ya ci fararen hula. Dattijon ya bari ya gama tsaf sannan ya ce masa in ka rubuta haka za a ƙi amincewa, don doka ba ta san wanda ke zaɓen yaƙi ba, wato ka ce wannan zan yi wancan ba zan yi ba, tun 1960 kotun tsarin mulki ta yanke haka, wanda ake karɓa shi ne wanda ya ce kashe mutum a yaƙi ko wane ne shi ba zai iya ba. Ya tambaye shi to in an kawo wa garin nan hari fa, ko a ce Kano ce? Yaro ya yi shiru. Ya ce masa kar ka ba ni amsa yau, kuma kar ka rubuta abin da ba shi ne a ranka ba don kawai takarda ta wuce, je ka yi tunani, ka tambayi malaminku in kana so. Ni na zaci za su koya masa kalmomin da zai jera ne ya tsallake. Ya ƙara da cewa ko an amince maka ba shikenan ka huta ba, in yaƙi ya zo za a iya kiran ka aikin farar hula, asibiti ko gidan tsofaffi da makamantansu.

Bai zagi sojoji ba ko sau ɗaya. Da na kawo maganar albashi, don yaron shi ya fi ɗaukar hankalinsa, ya ce eh gaskiya ne kusan Yuro 2,600 a wata kafin a cire haraji, har da tallafin lasin tuƙi ga wanda ya ɗan daɗe, kuɗi ne mai kyau ga ɗan 18, illa dai su a rumfarsu ba za su fara maka da cewa in ka sa hannu na dogon zango ana iya tura ka waje ba. Ƴan uwanmu na Nijar ai sun san wannan, sojojin Jamus na da sansani a filin jirgin Yamai har zuwa Agustan 2024, Mali kuma sun bar ta a ƙarshen 2023, yanzu Lituweniya suka nufa da birget guda.

Tauraron da na rage kuwa, waya ce ta farko, sai ka yi ta kira ba a ɗauka, imel ɗinsu ma sai ka fara fid da rai sannan amsa ta zo, na san aikin sa kai ne kuma mutane sun musu yawa bana amma wanda wasiƙa ke hannunsa hankalinsa ba a kwance yake ba. Na biyu komai da Jamusanci ne, takardunsu ma haka, Jamusancin kuma na doka mai nauyi, maman yaran da muka je tare rabin maganar sai a mota yaron ya fassara mata. Na uku ba su san mu ba sosai, misalansu duk na coci ne da na zamanin da su suka ƙi zuwa soja suna samari, da yaron ya ambaci wata aya sai da ya tsaya yi musu bayani daga tushe, kodayake dattijon ya rubuta ya ce zai bincika. Sannan a bakin ƙofa wani daga cikinsu ya so ya ja mu doguwar siyasar NATO da Yuro biliyan 100 da shugaban gwamnati na lokacin Olaf Scholz ya ware wa sojoji a 2022, mu kuma magariba ta kusa, da ƙyar muka zame.

Wanda zai je ya nemi ganawa tun wasiƙa ba ta zo ba, ya tafi da ita in ta riga ta zo, a je da yaron da kansa don ba sa yarda uba ya wakilce shi, in Jamusancinka bai nuna ba ka nemi wanda zai raka ka. Namu ya cike takardar tambayoyin ya nuna ba ya sha'awa, ta ƙin aikin sojan kuwa har yanzu bai miƙa ba, ya rubuta shafi ɗaya ya yaga, na tambaye shi ya ce Baba ka bar ni tukuna ban gama da tambayar mutumin nan ba. Sun ba shi wata ranar ya koma shi kaɗai.