Rachio 3 a zafin Arizona, gaskiya ta biya kuɗinta

Duk wanda ya san zafin Phoenix, babban birnin jihar Arizona a Amurka, ya san ba wasa ba ne, a 2023 kwana 31 a jere zafi na kai digiri 43 ko ya wuce, har Sakkwato ta Afrilu take tuna min. To wannan na'urar ban ruwa, Rachio 3 mai layi 8 (wato tana sarrafa ban ruwan sashe takwas na lambu daban-daban), ita ta ceci lambuna wallahi.

Ka haɗa ta da wifi, komai a waya kake saitawa, amma fa ka zauna ka cika irin ƙasarka da irin shuka da yawan rana a kowane layi, nan ne aikin yake. Ni na sa ban ruwa ya ƙare kafin fitowar rana, don da tsakar rana ruwa da yawa iska ce ke shanyewa. Abin da ya fi burge ni, tana ba da ruwa kaɗan ta tsaya ya nutse sannan ta ci gaba, ƙasa mai tauri ba ta malalar da shi titi. Lemon tsamina kuwa ruwa mai yawa amma ba kullum ba, saiwa ta nutsa ƙasa. In hadari ya taso da kanta take tsallake ranar.