Magungunan hana amai bayan kemo: wanne ya fi?

Ondansetron, miligiram 8 minti 30 kafin a ɗaura ruwan kemo (maganin ciwon daji), yana tare aman ranar farko sosai. Aibinsa taurin bayan gida da ciwon kai, kuma ba ya taɓuka abin kirki kan aman da ke tasowa daga kwana na biyu, musamman bayan maganin kemo mai suna cisplatin. A nan aprepitant ya fi shi: miligiram 125 ranar farko, 80 a rana ta biyu da ta uku. Sai dai akwai tsada.

Olanzapine, miligiram 5 da dare, ga araha ga kwantar da tashin zuciya, amma fa barci kamar kasa. Likita kan haɗa su da maganin dexamethasone, wanda kan ɗaga sugan jini, don haka mai ciwon suga ya riƙa gwada jininsa. Metoclopramide shi kaɗai bai isa ba, kuma yakan sanƙarar da wuya.