Gargaɗi ga masu keke mai shok: kar wanda ya sake tura wa mai tallan kayan Fox ɗin nan kuɗi

Assalamu alaikum jama'a, musamman matasanmu na Birnin Kudu da Gwaram da Buji da ƙauyukan da ke kewaye, masu hawan keke mai giya irin mai shok gaba da baya ɗin nan. Akwai wani mutum da ya shigo guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp da Facebook tun bayan sallah yana tallan fok, wato ƙafafu biyun nan masu riƙe tayar gaba, da shok ɗin baya da wili, wai kayan waje ne ya sauke daga kwantena yana so ya karyar ya koma kasuwa. Dan Allah kar wanda ya sake tura masa ko sisi. Ni gyaran keke ne sana'ata, kuma kayan da ya turo wa yaranmu a rumfata suka ƙare, ni na kwance su da hannuna, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba.

Ga yadda yake yi. Zai sa hoton fok mai kyau, sandunan nan biyu kalar gwal suna ƙyalli, an rubuta Fox 36, Fox ɗin sunan wani babban kamfanin fok da shok ne na waje, ya ce dubu sittin da biyar amma in da gaske kake zai rage maka. Kana yi masa magana zai fara da ƙanena kaza ƙanena kaza, ai ku mutanen Jigawa ina ji da ku, saura guda biyu kacal kuma wani daga Kaduna yana kan layi yanzu haka. Sai ya ce ka sa rabi kafin alƙalami, in kaya sun iso tashar Unguwa Uku ka cika. Sunan da ke kan asusun da zai turo maka daban, sunan da ke shafinsa daban, in ka tambaya ya ce na yaron shagonsa ne. Kana turawa sai kuɗin waybil ya taso, bayan shi kuma wai direba ya ce kayan sun yi nauyi sai an ƙara wani abu. Wasu daga nan ne ya toshe lambarsu shi kenan. Wasu kuma ya aiko musu da kaya, kuma wallahi waɗannan ɗin su na fi tausayawa, domin da su yake kafa hujja, kafin su kai ga ɗaurawa ya riga ya sa sun yi masa bidiyo suna buɗe kwali suna godiya, da wannan bidiyon yake kama na gaba.

To bari in faɗa muku abin da ke cikin kwalin. Lambar nan 36 da Fox suke rubutawa ba ado ba ce, kaurin sandunan sama ne a milimita, shi ya sa akwai 32 da 34 da 36 da 38 da 40. Wanda aka kawo min na auna, ko 30 bai kai ba. Kalar gwal ɗin ta asali sunanta Kashima, kama jikin alminiyom take yi ba ta ɓarewa haka kawai, wannan kuwa da farce na kankare ta, fenti ne. Na kara maganaɗisu ya manne caraf, alhali sandunan Fox alminiyom ne maganaɗisu ba ya kama su. Amma a nan a kula, akwai fok na gaskiya masu araha irin SR Suntour XCM da ƙananan RockShox da sandunansu ƙarfe ne, su in maganaɗisu ya kama ba laifi ba ne, gwajin na wanda aka ce maka Fox ne. Sai maɓallan. A fok na gaske shuɗin da ke sama yana saita taurin dannuwa, jan da ke ƙasan ƙafar dama shi ke saita saurin dawowa, in ka murɗa za ka ji yana ƙas ƙas kuma in ka danna fok ɗin za ka ji ya canza. Nasa kuwa sai dai ka yi ta juyawa har gobe, roba ce aka liƙa ba ta haɗe da komai a ciki. Na buɗe murfin da ya kamata a ce wurin sa iska ne, sifirin na tarar guda ɗaya a ƙafa ɗaya, ɗaya ƙafar wayam, ko ɗigon mai babu.

Kuma jama'a mu riƙa yin lissafi. Sabon Fox 36 mai gwal ɗin nan a Amurka kuɗinsa ya haura dala 1,000. Ko tsoho ne ɗan Kwatano, wane ɗan kasuwa ne zai biya kuɗin jirgi da kwastan sannan ya ba ka shi a kuɗin da bai kai na ɗan akuya mai kyau a kasuwar Wudil ba?

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan dogon bayani ba asarar kuɗin kaɗai ba ce. Wani yaro ɗan makarantar sakandare, kuɗin aikin gonar da ya yi da damina ya tara ya saya, aka ɗaura masa a wani wuri, yana gangarowa daga kan dutse da gudu bututun da ke shiga wuyan keke ya saki daga kan fok ɗin, taya ta yi gabas shi ya yi yamma, haƙoransa na gaba sun tafi kuma ƙashin kafaɗa ya karye. Mahaifinsa da ya zo rumfata da guntayen a buhu cewa ya yi, Malam duba min dan Allah, shin yaron nan ne ya yi ganganci ko kayan ne. Na nuna masa wurin, ba abin da ya riƙe bututun sai ɗan matsi da gam. Fok shi ke ɗauke da rayuwarka a kan keke, in cen ya tsinke tsayawa za ka yi, in fok ya karye da fuska za ka sauka.

Yanzu ga babbar alamar da nake so kowa ya riƙe, ko ba wannan mutumin ba. Duk mai sayar da shok ko wili da bai tambaye ka awon kekenka ba, ya ce maka ai yana shiga kowane keke, to ko dai bai san kayan ba ko kuma ya san abin da yake yi. Ba wani fok a duniya da yake shiga kowane keke. Yawancin kekunan da ke hannunmu wuyansu miƙaƙƙe ne inci 1 da 1/8, wasu tsofaffin ma inci 1 ne mai zare. Manyan fok na yanzu bututunsu sama 1 da 1/8 ne ƙasa kuma ya buɗe zuwa inci 1.5, ba zai shiga miƙaƙƙen wuya ba ko za ka kwana kana bugu. A ce ma ya shiga, ƙafafunsa na ƙasa an yi su ne don aksul, wato ƙarfen da ke ratsa tsakiyar wili, mai kauri milimita 15 da faɗi 110, wanda suke kira Boost, wilinka kuwa na noti ne ko na ɗan maƙalli mai faɗi 100. Kuma ba shi da wurin ɗaura birkin roba mai kama rim, sai birkin faifai. Kun ga kenan fok ɗaya ya jawo sabon wili da sabon birki, kuma a nan ne mutumin yake cin kasuwa ta biyu, da ka koma ka ce bai shiga ba sai ya ce ayya ƙanena ai sai da wilinsa, akwai saiti ɗaya da ya rage.

Shok ɗin baya ya ma fi wannan tsauri. Awo biyu gare shi, duka a milimita, tsawonsa daga ramin kusa zuwa ramin kusa, da kuma iya nisan da yake dannuwa, shi ya sa za ka ga an rubuta 165x38 ko 190x51 ko 200x57 ko 210x55. Firam ɗinka da awo ɗaya aka ƙera shi. Kekunanmu masu sifirin a tsakiya galibi gajere ne nasu, 150 ko 165, shi kuma abin da yake turowa dogo ne. Ka tilasta dogo ya shiga, bayan keken zai ɗage, hannun da ke motsi ya riƙa dukan firam har wata rana walda ta buɗe. Ka sa wanda dannuwarsa ta wuce ƙa'ida, ranar da ka faɗa rami taya za ta daki bututun sirdi ta tsaya cak kana kai. Ɗauki tef ka auna naka kafin ka yi maganar kuɗi da kowa, minti biyu ne.

Sannan ko da na gasken ka samu mai iska, akwai hidimar da ba wanda yake faɗa muku. Famfonsa daban ne, ɗan ƙarami mai agogo da yake kaiwa 300 psi a ma'aunin ƙarfin iska, injin mai faci ba zai yi maka wannan aikin ba. Ana sa iskar ne daidai nauyin mai hawa, yadda in ka zauna shok ɗin baya zai nutse kamar kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na tafiyarsa. Su RockShox da kansu cewa suka yi a buɗe ƙafafun fok a canza mai duk bayan awa 50 na hawa, to ku haɗa wannan da ƙurar hunturunmu da yashin hanyar ƙauye, sannan ku tambayi kanku a ina za a samo robobin da man. Ni dai ba na ajiye su, kuma ba na jin kunyar gaya wa mai keke ya bar kuɗinsa a aljihu.

Wilin nasa ma haka. Wai kabon ne, irin mai tsadar nan marar nauyi, alhali alminiyom ne mai bango ɗaya aka naɗe da sitika mai zanen saƙa, gefen ramin bawul in ka ɗaga sitikar za ka ga farin ƙarfe. Ya aiko wa wani mai keke inci 26 da wili inci 29, wai babba ya fi gudu. Duba gefen tayarka akwai lamba, in ka ga 559 to 26 ce, 584 ita ce 27.5, 622 kuma 29, kuma ba a musanya su yadda aka ga dama, 29 ko juyawa ba za ta yi a firam ɗin 26 ba. Faɗin hob na baya, wato cibiyar wili inda wayoyi suke haɗuwa, shi ma kala-kala ne, milimita 135 da 142 da 148. Giyar baya akwai firiwil mai ɗaurin zare irin wanda muka saba, akwai kaset mai zurawa, hob ɗin wannan ba ya karɓar wancan. Faifan birki ma wani kusa shida ne wani kuma Centerlock, mai ɗauruwa da zobe ɗaya a tsakiya. Duk waɗannan tambayoyi ne da mai kayan gaskiya shi zai fara yi maka su tun kafin ka yi masa, har ya ce turo min hoton kekenka ta gefe da ta wuya. Wannan mutumin tambayarsa ɗaya ce, ka tura?

Ni a ganina, kuma na san wasu ba za su ji daɗi ba, mafi yawan kekunan nan masu shok biyu da ake kawo mana ba su cancanci a kashe musu kuɗin babban shok ba, firam ɗin nauyi gare shi kuma mahaɗarsa ta baya ba boris a ciki, roba ce da kusa, ko ka sa mata shok na miliyan girgiɗi za ta ci gaba da yi. In kana da ɗan kuɗi kana so kekenka ya canza, sa shi a ƙafa. Rim mai bango biyu, waya 36 ko 32 a ɗaure ta da kyau a daidaita, hob mai lafiyayyen boris, taya mai kauri da za ta jure tsidau da ƙayar hanya, sai birki mai kamawa. Wannan za ka ji bambancinsa tun ranar farko a kan gargada, kuma duk abin da ya lalace akwai shi a Sabon Gari. In kuma fok ɗin ne lallai ya mutu, nemi na gaskiya mai araha irin Suntour wanda ya dace da wuyanka da wilinka, kuma kar tafiyarsa ta wuce ta asalin da fiye da milimita 20, in keken ya zo da 100 kar ka ɗora masa 160, wuyan firam ɗin ba a yi shi don wannan ba.

In har sai ka saya daga nesa, ka ce ya kira ka ta bidiyo ya riƙe kayan a hannu, ya ɗora tef a kai kana gani, ya murɗa maɓallan, ya nuna maka lambar da ke jiki. Fox da RockShox duka suna da wuri a shafinsu na intanet da za ka sa lambar ya fito maka da ko wane iri ne da shekararsa. Wannan mutumin duk wanda ya ce masa bidiyo sai ya ce netwok ba kyau ko yana masallaci. Mafi sauƙi ma ka sa ɗan uwanka da ke Kano ya je ya gani da ido, a biya hannu da hannu.

Waɗanda ya riga ya karɓi kuɗinku, kar ku goge hirar don haushi ko kunya, ku ɗauki hotonta duka da rasit ɗin turawa da lambar asusun, ku je bankinku da wuri ku shigar da ƙorafi sannan a kai wa 'yan sanda rahoto, kuma gara a haɗu a je tare domin asusun da ya ba mutane ba ɗaya ba ne. Wanda kuma ya riga ya ɗaura fok ɗin a kekensa, dan girman Allah ka sauke shi yau, ka mayar da tsohonka ko da ya daskare, in ba ka da sifana kawo min zan kwance maka kyauta. Ban sa sunan shafin ba saboda ya canza shi har ya canza hoton shafin tun da aka fara magana, yanzu wili yake tallatawa da birkin mai, amma hotunan kayan da kalamansa duk ba su canza ba. Ku tura wa 'yan uwa na Dutse da Kiyawa da Jahun, don na ga ya fara shiga guruf ɗinsu.