Sharhi kan yawon buɗe ido da na yi bakin tekun Togo

Ni mutumen Tawa ne, na tahi Lome hidda mota daga tashar jirgin ruwa, tunda kun san tun 2023 da anka ruhe iyakar Nijar da Benin kayanmu da yawa ta nan suka biyowa. Takardun duwan sunka ja kwanaki, sai mai masaukina a Agoe Zongo ya haɗa ni da wani direba da ke kai baƙi yawo cikin jihar Maritime, mun yi jinga jika 25 wuni guda.

Gaskiya yaron ya san aikinshi. Bakin tekun Togo duka-duka kilomita 56 ne, daga iyakar Gana har ta Benin, amma wallahi arzikin da ke cikin wannan ɗan zirin ya ba ni mamaki. Ya nuna mini Kpeme inda ake wanke fosfat da ake haƙowa a Hahotoe ana lodi cikin jirage, ga masunta suna jan koma da hannu, ga itacen kwakwa iyakar ganinka.

Inda ya hi taɓa ni shi ne wani gida cikin garin Agbodrafo inda anka ɓoye bayi ƙarƙashin daɓe, wurin ko tsayuwa mutum bai iyawa sai duƙe, na shiga na hito jikina ya yi sanyi, har munka kai bakin tabki ban ce uffan ba. Daga nan munka hau kwalekwale zuwa Togoville, garin da anka ƙulla yarjejeniya da Jamusawa da sunan sarkinshi a 1884. To nan ne ya ɓata mini rai, don bai hwaɗa mini kuɗin kwalekwale daban ne ba sai da munka iso, kuma kilim ɗin motarshi ba ya aiki ga zahin Lome mai gumi, ba irin namu busasshe ba.

Aneho, babban birni na zamanin Jamus kahin a maida shi Lome a 1897, a gurguje munka gan shi, na so mu daɗe. Ya dai tsaya ya nuna mini inda teku ke cin ƙasa har da gidajen mutane, sai na tuna yadda rairayi ke binne mana gonaki wajen Abalak.

Duk wanda takardu sunka riƙe a Lome ya yi wannan yawon, amma ku yanke magana kan kwalekwale tun kahin ku shiga mota, kuma ku tashi da asuba.