Hattara da masu gyaran manhaja da ke ƙwace ta daga hannun mai ita

Jama'a, musamman 'yan kasuwarmu na Wuse, Garki da Kubwa masu manhaja ko shafin sayar da kaya, a yi hattara. Akwai samarin da ke tallata kansu a WhatsApp da Facebook wai ƙwararru ne wajen gyaran shafin intanet. Su karɓi kuɗin kafin alƙalami su ɓace ma da sauƙi. Mugayen cikinsu makullan manhajar suke nema.

Haka aka yi wa wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi. Wurin biyan kuɗi ne kawai ya daina aiki a shafinta. Yaro ya zo da ladabi har da rusunawa, ya nuna mata hotunan ayyukan da ya ce nasa ne, sannan ya ce, "Hajiya, ki turo min lambar sirri, da lambar da za ta shigo wayarki yanzu." Ta tura. Ya cire imel ɗinta ya sa nasa, ya mayar da adireshin shafin ƙarƙashin sunansa. Gyara kam ya yi, don na ƙarya ma ya iya aikin. Can kuma sai shafi ya rufe, ya ce sai ta biya da dala "don sabunta rajistar Google". Alhali rajistar saka manhaja a Google Play, kasuwar manhajojin wayar Android, dala 25 ake biya sau ɗaya tak, Apple ne ke karɓar dala 99 duk shekara.

Mai gyara na gaskiya ba ya buƙatar lambarka ta sirri. GitHub (ma'ajiyar aikin manhaja) da Google Play Console (wurin kula da manhaja a Google Play) da Paystack (mai karɓar kuɗi ta intanet) duk sun ba mai asusu damar gayyato ma'aikaci da iyakantaccen izini, ya cire shi ranar da aka gama. Wanda ya ƙi wannan, a sallame shi. Hoton aiki kuwa ba shaida ba ne, ya kawo lambar wanda ya yi wa aikin ka kira da kanka. A duba sunan kamfaninsa a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kodayake ni dai takardar rajista ba ta taɓa gamsar da ni ba, ɗan damfara ma yana iya mallakarta. Kuɗi kuma kashi-kashi, bayan an ga aiki, da yarjejeniya a rubuce.

Wanda abin ya riga ya faɗa masa, kada ya goge hirarsu ko rasit ɗin banki. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ta haramta irin wannan, kuma hedikwatar EFCC na nan Jabi.