Keken tsere da kayansa: me sabon ɗan tirayatlon zai saya a Kaduna?

Gasar tirayatlon wasa uku ce a jere ba hutu: iyo, tuƙa keke, sannan gudu. A ma'aunin Olamfik, inda wasan ya shiga tun gasar Sidni ta 2000, iyo kilomita 1.5 ne, keke 40, gudu 10. Ƙaramar gasa rabin haka ce. Ko wacce ka zaɓa, a kan sirdi za ka fi daɗewa, nan kuma aljihu zai fi jin jiki.

Ni dai zaɓina keken tsere na alminiyam, ɗan gwanjo mai lafiya, da giyar kamfanin Shimano. Jerin ajin giyar tasu daga mai araha zuwa mai tsada shi ne Claris, Sora, Tiagra, 105, Ultegra, Dura-Ace. Sora ko Tiagra ta ishi sabon shiga, in ka dace da 105 a farashi mai sauƙi kada ka tsaya dogon ciniki. Alminiyam ba ya ɓoye ciwonsa: in ya lotsa ko ya tsage, ido zai gani. Yana jure ramukan cikin unguwa da kwaltar da damina ta cinye, bakaniken keke kuma ba ya tsoron taɓa shi. Sa masa taya mai faɗin milimita 28, ta fi siririyar 23 sauƙin jijjiga. Ranar da ƙafarka ta yi ƙwari, sai ka ɗaura sandunan jingina hannu a kansa, ya yi maka rabin aikin keken da ya ninka shi tsada. Sharaɗi ɗaya ne, keken ya zama daidai tsawonka. Mai tsawon santimita 175 galibi firam (gangar jikin keke) mai lamba 54 ne nasa, amma hau ka ɗan zaga kafin ka biya.

Keken tirayatlon na musamman kuwa, a bar wa masu neman kofi. Wuyar juyawa gare shi, ka kwatanta kanka a kai tsakanin 'yan Keke Napep a Kawo. Keken hawan dutse zai kai ka, amma a makare. Phoenix na Baba a bar shi da zuwa masallaci.

Sai hular kwano, kuma a nan ba na wasa. Dokar gasa ce: ba ka taɓa kekenka sai ka ɗaure hula, ba ka kwance ta sai ka mayar da shi mazauninsa. Duba cikinta ka ga tambarin shaidar inganci, EN 1078 na Turai ko CPSC na Amurka. Amma tambari ma bugawa ake yi. An taɓa turo mini wata daga wani mai talla a intanet, da sunan babban kamfani a jiki, ƙyalli kamar gaske. Da na danna ta da hannu biyu sai ɓawon ya rabu da soson ciki, ashe da gam aka liƙa. Ta ƙwarai ɓawonta da sosonta haɗe suke tamkar abu ɗaya, igiyar kuma ba ta zamewa in ka ja. Kada ka sayi hula ta gwanjo ko nawa aka bar maka: soson bugu ɗaya yake ɗauka, ba kuma wanda zai gaya maka ko ta taɓa shan ƙasa. Riga da wando ka nema a Kasuwar Barci, hula a'a.

Jabu bai tsaya a hula ba. Akwai sarƙa mai sunan Shimano har da kwalinta, wadda ba ta daɗewa take miƙewa ta cinye haƙoran giyar baya, ka koma sayen abu biyu. In farashin ya yi araha fiye da kima, ka san da walakin. Akwai firam ɗin kabon (wani sinadari marar nauyi da ake ƙera kekuna masu tsada da shi) da ya tsage aka shafe da sabon fenti, shi ya sa duk keken gwanjon da ya fi shekarunsa ƙyalli nake zarginsa. Kifa keken ka duba lambar da ke ƙarƙashin mahaɗar feda. In an kankare ta, ka yi sallama ka tafi, kada ka sayi kayan sata. Mai cewa "turo kuɗi, Alhaji, gobe direba zai kawo" kuwa, ka ce masa sai ka gani da ido.

Ƙananan kaya: gorar ruwa biyu saboda zafin Maris da Afrilu, tabarau saboda ƙurar hunturu, fitilar baya in da asuba kake fita, da wando mai soso. Wanda matsattsen wando ke ba kunya ya ɗora wani a sama lokacin atisaye. Takalmi mai maƙalewa a feda ya jira tukuna.

Abin da ake yawan mantawa shi ne bakin tayar keken tsere siriri ne, Presta ake ce masa, famfon mai faci na bakin titi ba ya kama shi. Ka riƙe naka famfon, da tif na ajiya, da ɗan ƙaramin mahaɗin da ke mayar da bakin irin na mota, kafin ka kama hanyar Zariya.